An ci ɗana tarar barci a Amurka

Wata Asabar ce cikin Oktoban 2024, wajen ƙarfe takwas da rabi na safe. Ina tsaye bayan mota a kasuwar albasa ta Kumasi ina ƙirga buhuna, sai wayata ta yi ƙara. Ɗan farina ne da ke Amurka. Ku yi mini uzuri, ba zan kama sunansa ba, don ga shi na fari, ga shi kuma sunan mahaifina gare shi. A wannan lokaci na shekara tsakaninmu da inda yake awa shida ne, ke nan can ƙarfe biyu da rabi na dare. Wanda ya kira ka a irin wannan lokaci ba gaisuwa ce ta dame shi ba. Ƙirgar ta ɓace mini nan take.

Ya ce, "Baba, kada hankalinka ya tashi, lafiyata lau."

Na ce, "To mene ne?"

"'Yan sanda ne suka tashe ni, sun ba ni takardar tara."

"Wani ka buge?"

"A'a."

"Gudu ka yi?"

"Baba, motar ma a tsaye take. Barci nake yi a ciki."

Ya ce ya faka a gefen wani ƙaramin gari a yammacin ƙasar, ya kwantar da kujera, ya lulluɓa. Can cikin dare sai ya ji ana ƙwanƙwasa gilashi, ga tocila a fuskarsa. Ya ɗora hannuwansa biyu kan sitiyari bai motsa ba, kamar yadda duk baƙar fata a can ya koya. Jami'in bai zage shi ba, bai taɓa shi ba. Ya dai gaya masa dokar garin ta hana kwana cikin mota a kan titi ko filin gwamnati, ya rubuta masa tarar dala ɗari da wani abu, ya ce ya bar wurin.

Zan faɗi gaskiya. Da na tabbatar ba a harbe shi ba, abin da ya biyo baya a zuciyata kunya ce, ba tausayi ba. Fili na sayar a Madawa aka haɗa kuɗin tafiyarsa. Duk unguwa an san ɗana yana Amurka. Yanzu a ce cikin mota yake kwana? Na ce masa, "Kai yaro, ɗakin naka fa? An kore ka ne kake ɓoye mana?" Ya ce ɗakinsa na nan a Denba, ya biya haya har ƙarshen wata. Hoto ya fito ɗauka.

Wannan hoto dai mun daɗe muna sa-in-sa a kansa. Kwana biyar a mako yana tuƙa motar rarraba kaya, da ita yake cin abinci yake kuma aiko wa mahaifiyarsa. Ranar Juma'a da yamma sai ya jefa kyamara da bargo cikin tsohuwar motarsa ya nausa daji. Duwatsu yake ɗauka, da koguna, da sararin sama. Wasu yana wankewa ya sayar, wasu masu buga kalanda su saya. Ni kuwa a saninmu hoto na mutum ne: na biki, na sallah, na fasfo. Hoton da babu ɗan Adam a ciki, ina ganinsa kamar buhun da babu albasa.

Bayan kwana biyu, da fushi ya sauka, ya sake kira muka yi doguwar magana. Na tambaye shi abin da kowane uba zai tambaya: me ya hana ka kama ɗaki a otal, gari ya waye ka je ka ɗauki dutsenka, tunda dutse ba gudu zai yi ba?

Ya ce dutse ba ya gudu, amma haske yana gudu. Wai duk sana'ar tasu ta rataya ne kan ɗan lokacin da ke tsakanin ketowar alfijir da ɗagowar rana, sai kuma daf da magariba. Da hantsi ya dubi ludayi, an tashi kasuwa. Wurin da ya nufa a wannan dare sunansa Mesa Arch, a gandun Canyonlands na jihar Yuta. Wani dutse ne mai kama da bakin ƙofa a gaɓar wani ƙaton kwari. Idan rana ta ɓullo, haskenta yana dukan ƙasan dutsen ya yi ja wur kamar garwashi na ɗan lokaci kaɗan. Wurin tsayawa bai da faɗi, shi ya sa masu kyamara ke zuwa tun duhu su kafa ƙafafun kyamarorinsu a jere. Wanda ya makara sai dai ya ɗauki ƙeyar 'yan uwansa. Daga Denba tafiyar ta kai awa shida. A gandayen gwamnatin tarayya irin wannan ba a yarda ka kwana cikin mota a wurin fakin ko gefen hanya ba, sai a sansanin da aka keɓe, kuma sansanin da ke kusa da dutsen gurbi 12 ne kacal, wanda ya riga zuwa shi ke samu. Mutumin da ya tashi aiki Juma'a da yamma ba shi da rabo a nan. Barci ya fara fizgarsa a hanya, shi ne ya ratse ya kwanta.

Ya ce haka abin yake a wurare da dama. A gandun Yosemite na Kalifoniya akwai wani ruwa da ke zubowa daga kan dutse, wanda a 'yan kwanaki cikin watan Fabrairu kawai, idan babu gajimare, rana mai faɗuwa ke haska shi ya zama kamar wuta ce ke zuba, na kimanin minti goma. Wuraren kwana na wannan gandu kuwa tun saura watanni ake buɗe rajistarsu a intanet, kuma cikin mintoci ake cinye su. To wa ya san yadda sama za ta kasance bayan wata biyar? Masu ɗaukar taurari su ma sai daren da babu wata, can nesa da fitilun gari. Mai kuɗi zai kama ɗaki na kwana bakwai ya zauna yana jiran sa'a. Irin su ɗana, mota ce ɗakinsu. In an hana su kwana cikinta, zaɓi biyu ya rage: ko su bar sana'ar ga masu hali, ko su yi ta tuƙi cikin dare a hanyoyin duwatsu, ido na rufewa, namun daji na tsallaka titi. Wannan na biyun shi ya tsaya mini a wuya. Na binne direbobi fiye da yadda nake son tunawa, kuma da yawansu barci ne ya sace su a kan sitiyari.

Ni ban yi boko mai zurfi ba, karatuna na allo ne da na rediyo, sai abin da na koya wa kaina. Amma in abu ya shige mini duhu ba na barinsa. Na sa ƙanwarsa ta riƙa nemo mini labarin waɗannan dokoki tana fassara mini da daddare. Abin da na fara ganewa shi ne, ba don masu hoto aka yi su ba. Amurka na da mutanen da ba su da wurin kwana. Ƙidayar da gwamnatinsu ta yi a dare ɗaya cikin Janairun 2024 ta samu sama da mutum 770,000. Da yawa suna da aiki, haya ce ta fi ƙarfinsu, sai mota ta zama gida. Garuruwa kuma suka riƙa kafa doka don su kore su.

An daɗe ana jan wannan magana a kotu. A 2014 wata kotun ɗaukaka ƙara ta soke dokar birnin Los Anjalis da ta hana mayar da mota wurin zama, saboda dokar ba ta fayyace komai ba, kusan duk mai mota ana iya kama shi da ita. Amma ranar 28 ga Yunin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar wani gari mai suna Grants Pass a jihar Oregon. Alƙalai shida suka rinjayi uku, suka ce hukunta mutum don ya kwana a filin gwamnati bai saɓa wa sashen tsarin mulkin da ya hana azabtarwa ba, ko da garin ba shi da isassun gadaje a gidajen marasa galihu. Dokar garin ta haɗa har da kwana cikin mota. A lokacin shari'ar, tarar farko dala 295 ce, in ka maimaita a hana ka shiga wuraren shaƙatawa na gari, in ka karya wannan kuma ana iya ɗaure ka har kwana 30. Matar da sunanta ke kan shari'ar, Gloria Johnson, ita ma cikin mota take kwana. Kafin shekarar ta ƙare, garuruwa sama da ɗari sun kafa irin wannan doka ko sun ƙara tsananta tasu.

Akwai wata hujja da Mai shari'a Gorsuch ya kawo a madadin masu rinjaye da na daɗe ina juyawa. A taƙaice, wai dokar ba ta ware kowa ba: da marar gida, da ɗan yawon buɗe ido, da ɗalibi mai zanga-zanga, duk wanda ya shimfiɗa ya kwanta hukuncinsu ɗaya. Mai shari'a Sotomayor, wadda ta ƙi amincewa, ta nuna cewa barci dole ne ga ɗan Adam, wanda ba shi da gida kuwa ba shi da inda zai kai wannan dole. Ɗana ya faɗa cikin wannan "kowa" da ake faɗi. Tarun da aka jefa don wani kifi ne ya haɗa da shi.

Da muka sake magana, yana ta huci. Ya ce, "Baba, abin da ya fi ƙona mini rai, ni fa ba marar gida ba ne. Ina biyan haraji, ina da adireshi. Ya kamata su bambanta mu da waɗancan mutane." Ya ce wasu abokan sana'arsa ma na ganin a ba masu hoto wata takardar izini ta musamman.

Na yi shiru. Waɗancan mutane. Sai na ji muryata ce ke fitowa daga bakinsa, irin wadda na yi masa magana da ita ranar Asabar.

Na ce masa, "Ka san inda ubanka ya kwana shekara goma sha biyar?"

Bai sani ba, don ban taɓa gaya masa ba. Tun ina ɗan shekara ashirin nake bin motar albasa daga Galmi. Mu bi ta Yamai, mu ratsa Burkina ta Fada Ngurma da Tenkodogo, mu shigo Gana ta wajen Bawku, mu gangaro Tamale har Kumasi. In an yi sa'a kwana huɗu ko biyar, in mota ta lalace ko takardun duwan sun maƙale a boda, sai abin da Allah ya yi. Duk wannan lokaci ban san ƙofar otal ba. Na kwana kan buhuna, na kwana ƙarƙashin mota a kan tabarma da buta a gefena, na kwana zaune a gidan gaba lokacin damina. Jandarmomi sun karɓi abin da suka karɓa a hannunmu, amma ban taɓa jin an ce barcin kansa laifi ne ba. Kuɗin makarantarsa daga ƙarƙashin mota suka fito. Ni da na yi wannan, ni ne kuma na ji kunya don ɗana ya kwana cikin tasa motar.

Kuma ku 'yan uwana da ke karanta wannan a Kumasi ko Ankara ko Lome ko Kwatano, unguwannin da muke zaune me ake ce musu? Zongo. Zango ke nan, inda ayari ke sauke kaya ya kwana. Kakanninmu fatake sun yi watanni a ƙasa tsakanin Kano da Salaga suna neman goro, da jakuna da madugu a gaba. Kowane gari da ke kan hanya ya san akwai baƙin da dare zai riska, sai ya ware musu fili kusa da ruwa, ya karɓi abin da zai karɓa, mata su kawo abinci su sayar. Ba don tsabar kirki kawai aka yi haka ba, gari ma na samun riba. Amma an fahimci abu ɗaya: in ka yarda mutum ya bi hanyarka, dole ka san inda zai sa haƙarƙarinsa.

Ba zan yi wa Amurkawa ƙarya ba, su ma suna da nasu zangon. A yammacin ƙasar akwai filayen gwamnatin tarayya da hukumar BLM ke kula da su, eka miliyan 245, wato sun ɗara faɗin Najeriya kaɗan. A mafi yawansu kana iya faka motarka ka kwana kyauta har kwana 14 kafin a ce ka matsa. Matsalar ita ce, daidai wuraren da jama'a suka fi so, kamar kewayen garin Mowab da ke kusa da dutsen nan, an taƙaita kwanan zuwa guraben da aka keɓe. Kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mutane sun yi yawa, sun tattake tsirrai, sun bar shara, sun bar bayan gida a fili, wasu sun tayar da gobara. Wasu ƙasashen ma haka. Aisilan tun 2015 ta hana kwana cikin motar yawo a wajen sansani sai da izinin mai fili. Niyu Zilan a 2023 ta ce motar da za a amince ta kwana a fili a matsayin mai ɗauke da komai nata, sai tana da kafaffen bayi a ciki. Duk wanda ya san yadda bayan tashar manyan motoci ke wari da safe ba zai ce mutanen nan ba su da hujja ba.

Wani abin mamaki da yaron ya gaya mini, masu hoto na da hannu a kafa waɗannan gandaye tun farko. Hotunan William Henry Jackson na cikin abin da aka nuna wa 'yan majalisa kafin a kafa gandun Yellowstone a 1872. Na Ansel Adams sun taimaka aka kafa Kings Canyon a 1940, shi da har dandamali ya sa aka yi masa a kan rufin motarsa don ya hau ya ɗauki hoto. Na ce masa to ai ku ma kuna da laifi: ku kuka nuna wa duniya wurin, duniya ta zo, yanzu an rasa inda za a sa ku. Ya yi dariya ya ce gaskiya ne.

Na ce masa kuma, "Ka nemi haƙƙinka, ban hana ka ba. Amma kada ka nema ta hanyar cewa kai ba su ba ne. Kai an tashe ka, ka rasa hoto ɗaya, ka koma ɗakinka. Matar da ke cikin mota da 'ya'yanta in an tashe ta, ina za ta koma? In an ba ka takarda an bar ta, ba a gyara komai ba. In kuwa gari ya ware fili mai bayi da fitila da mai gadi, ya ce kowa ya kwana ya tashi da safe, kai da ita duk kun samu." Ya ce akwai garuruwan da ke yin haka, musamman a Kalifoniya, suna buɗe filayen fakin na coci-coci da na hukuma da dare don masu kwana cikin mota, sai dai ba su isa ba. Na ce to nan ya kamata ku masu kyamara ku sa bakinku.

Na ajiye waya ina jin daɗin kaina, na yi wa yaro wa'azi. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Washegari da yamma na tsaya rufe sito, sai na ga mai gadina ya ɗauko bokiti yana kwarara ruwa a barandar gaba, kamar yadda yake yi kullum. Ni na sa shi. Shekara uku ke nan. Akwai 'yan matan nan 'yan dako da ke zuwa daga arewacin Gana, waɗanda ake kira kayaye, masu ɗaukar kaya a ka cikin kwano. Da yawansu ba su da ɗaki, gaban shaguna suke kwana. Wasu huɗu sun mayar da barandata makwanci, ina zuwa da safe in tarar da ledoji da zarnin fitsari. Ban iya korarsu da bakina ba, sai na ce a riƙa jiƙa simintin da magariba. Ban kafa doka ba, ban rubuta tara ba, amma wallahi abin da garin nan ya yi wa ɗana shi na yi musu, kuma hujjata ita ce hujjarsu. Tsawon shekara uku ban taɓa tambayar inda suka koma ba.

Na ce wa mai gadi ya ajiye bokitin. Ya dube ni kamar na zauce.

Ba zan ce muku komai ya tafi daidai ba. Bayan kamar mako biyu wasu suka dawo, ba ma waɗancan na farko ba. Na kira babbarsu muka yi magana da 'yar Hausar da take ji. Sharaɗi uku: su share kafin in buɗe, ba a kunna wuta kusa da ƙofa, bayi kuma na kuɗi da ke bayan layi ni zan riƙa biya musu a wata. Maƙwabcina bai ji daɗi ba, ya ce na jawo mana jama'a, har yau gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba. An taɓa rasa rabin buhu, ban san wanda ya ɗauka ba, kuma ban ce su ba ne. Wata safiyar ina tarar da wurin tsaf, wata safiyar sai na yi faɗa. Uwargida ta ce in dai na fara, to in saya musu gidan sauro, ɗaya na da goyo. Na saya.

Yaron ya biya tararsa. Yanzu kafin ya fita sai ya duba taswira ya san inda iyakar gari ta ƙare da inda filin tarayya ya fara, wani lokaci ya ƙara tafiyar awa guda don ya kwana inda ba za a ƙwanƙwasa masa gilashi ba. Na roƙe shi abu ɗaya, in barci ya zo ya tsaya ko ina ne, tarar ni zan biya. Da bazara ya koma wurin dutsen, ya samu abin da yake nema. Ya aiko da hoton ta hannun wani ɗan unguwarmu da ya zo gida, babba, cikin firam. Na rataye shi a sito, sama da teburin da nake lissafi.

Rannan da sassafe mai goyon nan ta leƙo za ta mayar da tsintsiya, ta tsaya tana kallonsa. Ta tambaye ni ko wuta ce ta kama dutsen. Na ce a'a, rana ce ke fitowa, ɗana ne ya ɗauka. Ta ce a ina yake? Na ce Amurka. Ta ce lallai yana cikin daɗi. Na ce mata Alhamdu lillahi, ta ɗauki kwanonta ta tafi kasuwa.